Ajina tsit in na yi tambaya, hayaniya in na juya allo. Ina mafita?

Malamar Aji Huɗu, Jos ta Arewa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati ya taimaka min da abin da ya sani.

A zangon nan aka ba ni aji huɗu a wata firamare ta wajen Nasarawa Gwong. Kafin nan a wata 'yar makarantar kuɗi nake, inda yaran aji ba su kai 25 ba. Nan kuwa sunayen da ke rajista sun haura 80. Bencin mutum uku yara biyar ke matsuwa a kai, wasu kuma a ƙasa suke zama gaban allo, kan buhu ko kwalin da suka zo da shi daga gida. Tagogi biyu ba su da murfi, kun kuwa san Jos da hunturu. Yaran da ke wannan gefen hannayensu na cikin riga har wajen ƙarfe goma, biro ma ba ya riƙuwa.

Duk da haka ba yawan ne ya fi damuna ba, irin shirun ajin ne. In na tsaya na yi tambaya, ko mai sauƙi ce kamar 7 sau 6, sai kowa ya sunkuyar da kai yana kallon littafinsa. Yara uku ko huɗu ne ke ɗaga hannu, kullum su ne dai, kuma duk a layin gaba suke. Da na juya zan yi rubutu kuwa sai aji ya kaure, a mintsini wannan, a ƙwace biron wancan. Bakin yana nan lafiya lau, a kan darasi ne kawai ba ya buɗuwa.

Ran Talata na kira wata yarinya daga can baya, 'yar siririya, kullum da hijabi ruwan toka da ya yi mata yawa. Na ce ta karanta min layi ɗaya a allo. Ta miƙe, ta kama gefen benci, ta haɗa kalmar farko da ƙyar, ta maƙale a ta biyu. Kafin in buɗe baki ajin ya ɗauka gaba ɗaya, da tafi da waƙar "shem, shem", wato abin kunya. Na tsawata musu suka yi shiru, amma ta riga ta zauna ta ja hijabin ta rufe fuska. Laraba ba ta zo ba. Alhamis da ta zo sai ta koma ƙarshen benci jikin bango. Da na bincika aka ce min haka aka saba da su tun suna aji biyu. Wanda ya faɗi daidai a tafa masa, wanda ya kuskure a yi masa ihu, wani lokaci har a miƙa wa wanda ya amsa daidai bulala ya zane wanda ya kuskure.

Ga kuma monita da takardarsa ta 'yan surutu. Yaro ne da ya girmi sauran, kuma na lura ana ba shi gyaɗa da alewa lokacin tara don kada ya rubuta sunan mutum. Ga dokar hana banakula, wanda aka ji yana Hausa a aji sai ya yi kamun kunne. Yaran kuma a haɗe suke, akwai Hausawa da Fulani, da Afizere, da Birom, da Ibo, da Yarbawa, amma kowa da ɓangaren da yake zama da nasa.

Abokan aikina sun ce in nemi tsumagiya, wai yaran nan ba sa ji sai da ita. Ban raina maganarsu ba, sun fi ni daɗewa. Sai dai ajin da ke jikin nawa, inda ake amfani da ita, tsit yake tun safe har a tashi, na kuma duba littattafan yaransa, ba su fi nawa iya komai ba. Ni abin da nake so shi ne yaro ya iya cewa "Malama ban gane ba" ba tare da gabansa ya faɗi ba. Ta ina zan fara? Kuma yaya ake riƙe yara masu wannan yawa ba da bulala ba, ajin kuma bai zama kasuwa ba?

Tsohon Hedimasta, Bukuru:

Wa alaikumus salam. 'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Jikata ce ta karanta min saƙonki, na ce ta zauna ta rubuta miki abin da zan faɗa.

Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, ina fitowa daga Kwalejin Horon Malamai ta Toro. Yara suka yi ta kwararowa fiye da lissafin da gwamnati ta yi, wasunmu a gindin mangwaro muka riƙe aji. Don haka yawan yara ba baƙona ba ne. Da wuya, amma ana yi.

Fara da waƙar nan ta shem, gobe-goben nan. Tsawa ba za ta kashe ta ba, domin yaran ba su san laifi suke yi ba, abin da aka koya musu ne. Da safe kafin darasi ki tambaye su, wa aka taɓa yi wa wannan waƙar? Za ki ga hannuwa sun tashi har da na 'yan gaban. Ki ce to yaya ka ji a ranar? Ki bar biyu ko uku su faɗa da bakinsu. Sannan ki ce a ajin nan an daina, kuma ko sau ɗaya kada ki kau da kai in wani ya soma.

Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne maganar da za ta fito daga bakinki lokacin da yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. A wannan lokacin duk ajin fuskarki yake kallo, kuma daga abin da suka gani ne kowa zai yanke ko gobe zai ɗaga hannu. Kin ce 7 sau 6, yaro ya ce 48. Kada ki ce "a'a, wa zai gyara masa?" In kin faɗi haka kin miƙa shi ga 'yan gaba su yi ta "ni Malama, ni Malama" a kansa yana tsaye. Ki ce masa, "48 amsar 8 sau 6 ce, ka haura da gida ɗaya. In ka cire 6 nawa ya rage?" Ki jira shi. In ya ce 42, shi ya samo abinsa. In ya kasa ki tambayi wani, amma ki dawo kansa ya maimaita daidai ɗin kafin ya zauna. Ban taɓa barin yaro ya zauna da kuskure a matsayin maganarsa ta ƙarshe ba. Yarinyar nan mai hijabi kuma ki ƙyale ta tukuna, kada ki sake tsayar da ita gaban jama'a. Ki je bencinta lokacin da ake rubutu, ki duƙa ki nuna mata kalmar da kin san za ta iya, ta karanta miki ke kaɗai. Sai ta yi ta cin irin wannan a ɓoye kafin ta yarda ta yi a fili.

Sunayensu fa, kin san su duka? In ba ki sani ba, ki ɗauki biyar-biyar kullum. Yaron da ake kira "kai mai jar suwaita" ya san ba a san shi ba, kuma wanda ba a san shi ba shi ne ke tsokana in an juya baya. Ki riƙa riga su isa ƙofar aji, kina gaishe su da suna suna wucewa. A nan za ki ga wanda ya zo da kumburarren ido, da wanda bai karya ba, da wanda sanyi ya fasa wa ƙafa. Wanda ya makara ki tambaye shi dalili bayan darasi. A garin nan wani sai ya raka uwarsa Farin Gada ta sari tumatir da kabeji kafin ya sa kayan makaranta.

Takardar 'yan surutu ki karɓe ta, amma kada ki wulaƙanta monitan. Babban yaro in aka sauke shi a bainar jama'a zai zama shugaban masu ba ki wahala. Ki ba shi aikin da ya fi wancan daraja, ya riƙe makullin akwatin littattafai, ko ya zama mai duba agogo. Sauran ayyuka ki rarraba su, mai kawo alli, mai goge allo, mai raba littafi, mai lura da tsintsiya, kuma su riƙa zagayawa duk mako.

Wurin zama ma ya zagaya. Duk Litinin layin gaba ya koma baya, sauran su matso. Ta haka ba wanda zai shekara a jikin bango, ba wanda zai shekara a bakin taga. Masu matsalar ido ko kunne ne kaɗai za ki bari a gaba. Tagogin kuma kada ki jira kwangila, ki yi wa shugaban ƙungiyar iyaye da malamai magana, a cikin iyayen nan ba za a rasa kafinta ba. Kafin nan buhu da ƙusa ma suna tare iska.

Maganar kowa da ɓangarensa ita ce ta fi taɓa ni. Ke yarinya ce, wataƙila ba ki san Jos ta kafin 2001 ba. Bayan wannan rikicin, da na 2008, da na 2010, unguwanni suka rabu, har ya zama akwai yaron da zai girma bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Aji irin naki yana cikin wuraren da suka rage da suke haɗuwa kullum. Ki gauraya su, amma kada ki yi shela a kai. Ki ce yau da harafin farkon suna za a zauna, wata rana da watan haihuwa. Sunayen banza da ake jifan juna da su a unguwa kuwa, na ƙabila ne ko na addini, ranar farko da kika ji ɗaya ki tsayar da darasi ki yi magana. Wannan kam ba a ɗaga shi zuwa gobe.

Direban Keke, Titin Bauchi:

Baba da Malama ku yi haƙuri in sa baki. Ni ba malami ba ne, uba ne, 'ya'yana huɗu suna firamare. Maganar Baba tana da daɗin ji, amma ni tsorona daban ne. Kullum ina kan titi, ina ganin yara 'yan shekara 13, 14 sun bar makaranta sun shiga sara-suka, ba sa shakkar uwa ba sa shakkar uba. Daga ina abin ya fara? Daga rashin tsoron na gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da bulala aka koyar da mu, a allo da a boko, kuma har yau in na hango malaminmu sai na sauka daga keke na gaishe shi. Addini ma ya ce a doki yaro a kan salla in ya kai shekara goma.

Ni da kaina nake ce wa malaman yarana in sun yi rashin kunya a zane su. Abin da ban yarda da shi ba guda biyu ne. Dukan yaro don bai iya ba, wannan zalunci ne, ai don bai iya ba na kawo shi. Sai zagin iyaye. Akwai ranar da ɗana ya dawo ya ƙi cin abinci, sai da daddare ya gaya wa uwarsa an ce masa daƙiƙi ɗan daƙiƙi a gaban aji. Da dukansa aka yi da ya fi min sauƙi. Amma a ce aji mai yara 80 babu bulala ko ta nuni, Malama ina jin za su raina ki.

Malamin Islamiyya, Anguwan Rogo:

Ɗan'uwa mai keke, Allah ya raya mana zuri'a. Damuwarka gaskiya ce, duk wanda ke zaune a unguwanninmu ya san ta. Amma bari in ɗan tsaya a kan hadisin da ka kawo. Farkonsa cewa ya yi a umarci yara da salla suna da shekara bakwai. Tsakanin bakwai da goma shekara uku ke nan cur ana koyarwa, ana tunatarwa, ana haƙuri. Kuma a kan barin abin da yaro ya riga ya iya ake magana. Ba hujja ba ce ga wanda ya koyar da abu yau ya ɗauki bulala gobe, kai ma ka faɗi haka da bakinka.

Malama, abin da ya faru da ɗalibarki ya tuna min da ƙissar Mu'awiya ɗan Hakam da Muslim ya ruwaito. Sabon shiga ne, ana cikin salla wani ya yi atishawa, shi kuwa ya ce masa yarhamukallah, bai san an hana magana a salla ba. Mutane suka zuba masa ido, da ya sake magana suka riƙa buga cinyoyinsu don ya yi shiru. Da aka idar, Manzon Allah (SAW) ya yi masa bayanin abin da ya dace a salla. Shi Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba, bai yi masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Ki duba, jama'a sun riga sun kunyata mutumin, malamin ne bai bi sahunsu ba. Anas ɗan Malik kuma shekara goma ya yi yana masa hidima tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba.

Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi magana a kan wannan tun zamaninsa. Ya ce tsanantawa tana cutar da mai koyo, musamman ƙaramin yaro, tana kashe masa karsashi, tana koya masa ƙarya da yaudara don ya tsira daga hannun da ke kansa. Gyaɗar da ake ba monita ai ita ce wannan.

Game da raini kuwa ɗan'uwa, abin da na gani a shekarun da na yi ina karantarwa shi ne yara suna raina malamin da maganarsa ba ɗaya ba ce, yau ya hana gobe ya ƙyale, ya hukunta ɗan wane ya bar ɗan wane. Malamin da ke zuwa kan lokaci, ya san darasinsa, ya yi adalci, yana da kwarjini ko hannunsa ba komai. Samarin da na sani da suka lalace a unguwarmu, ba ƙarancin duka ne ya same su ba, wasunsu sun sha shi har ya daina yi musu zafi. Ba kuma cewa nake a bar laifi ba hukunci ba. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi, wanda ya zubar da shara ya kwashe, wanda ya ci zalin ƙarami a kira mahaifinsa.

Malamar Turanci, Kubwa, Abuja:

'Yar'uwa sannu. Ni ma 'yar Jos ce, a Gangare aka haife ni, aure ya kawo ni Abuja. Baba ya gama magana a kan tarbiyyar aji, ni ta wani gefen zan zo.

Da farko ki sani nauyin da ke kanki ya wuce ƙa'ida. Manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ta ce ga yara 35 a firamare, ke kuwa aikin mutum biyu da ɗoriya kike yi. Kada ki zargi kanki in abu bai tafi da sauri ba.

Ina zargin wani ɓangare na shirun nan ba tsoro kaɗai ba ne, da yawansu ba su iya karatun ba ne, suna ɓoyewa. Yaron da ya kai aji huɗu bai gama sanin baƙaƙe ba, duk fara'ar da za ki yi masa ba zai ɗaga hannu ya karanta jimla ba. Ki gwada su ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, kaɗan-kaɗan kullum, ba a gaban kowa ba. Takarda ɗaya ta isa: baƙaƙe a sama, sai kalmomi masu sauƙi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Ki rubuta inda kowa ya tsaya. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, ana kiranta TaRL, wato koyar da yaro daidai matakin da yake, kuma an fara gwada ta a Najeriya a jihar Borno a 2018. Ana raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, a ba su wani lokaci kullum suna aiki a matakinsu, wanda ya iya ya haura. Ko rabin awa kika samu da safe zai yi amfani.

Sai jira bayan tambaya. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa a farkon shekarun 1970, ta gano malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira kafin su maimaita tambaya ko su wuce kan wani. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu kasa amsawa suka ragu, har waɗanda ake ɗauka ba su da ƙoƙari suka fara magana. 'Yan gabanki huɗu sauri suka fi sauran, shi ya sa kullum su ne. Ki ce ba a ɗaga hannu sai kin ba da alama, ki ƙirga biyar a zuci. Abin da ya fi min aiki ma shi ne in ce kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi amsarsa tukuna, sannan in zaɓi wanda zai faɗa. Yaron da ya riga ya furta amsa sau ɗaya a kunnen abokinsa ya fi samun ƙarfin faɗinta a fili. A lissafi kuma kowa ya rubuta amsa da manyan lambobi a bayan littafinsa, a ɗaga gaba ɗaya. Da kallo ɗaya kin san wa ya gane, ba wanda aka tsayar.

Dokar banakula ni Turanci nake koyarwa amma ba na goyon bayanta. A manufar ilimi ta 1977 an rubuta a fara wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin a ajujuwan farko, daga baya a shiga Turanci a hankali. A Jos kuwa Hausa ce harshen da ɗan Birom da ɗan Ibo da ɗan Bahaushe suke wasa da shi tare. Ki bar yaro ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa, sannan ki taimaka masa ya sake faɗa da Turanci. In dokar ta makaranta ce gaba ɗaya, ki samu hedimasta ki nemi izini a ajinki.

Ki kuma shirya, ajin zai ƙara ƙara kafin ya daidaita. Ki koya musu alamar yin shiru tun kafin ki sake su su yi magana. Ni tafi uku nake yi, su amsa da biyu, kowa ya kalle ni. Sai da muka maimaita ta har ta zauna kafin na fara sa su hira biyu-biyu.

Malamar Aji Huɗu, Jos ta Arewa:

Na gode ƙwarai. Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaishe min da jikar taku. Allah gafarta Malam na gode, ƙissar Mu'awiya na ba yaran ita da safe, har waɗanda ba Musulmi ba sun saurara tsit. Yayana mai keke, maganarka ta zagi na riƙe ta, kuma ban ɗauki tsoronka da wasa ba.

Na daɗe ban dawo ba ne don ina so in gwada tukuna. Waƙar shem ta mutu, sau ɗaya wasu suka so tayar da ita sauran suka hana su da kansu. Monita yanzu shi ke riƙe da makullin akwati, ya rataye shi a wuya da zare, kuma tun ranar bai makara ba. Wani uba kafinta daga Katako ya zo ran Asabar ya buga mana katako a taga ɗaya, ya ce ɗayar sai ya samu ragowar aiki. Hedimasta ya yarda da Hausa a lokacin bayani, amma ya ce rubutu da jarrabawa da Turanci.

Anti ta Kubwa, zarginki ya tabbata. Na gama gwajin, waɗanda ke iya karanta ɗan labarin ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na ajin ba, kuma akwai da dama da ko baƙaƙen ba su gama sani ba. A nan na samu sabuwar matsala. Cikin masu matakin baƙaƙe akwai manyan yara maza, wasu sun kai shekara 13, sun ƙi zama da ƙanana. Ɗaya ya ce min shi ba ɗan aji ɗaya ba ne, ya fita bai dawo ba sai bayan tara. Sannan malamin ajin da ke jikin nawa ya fara ƙorafin hirar biyu-biyu tana shiga masa, don bangon da ke tsakaninmu bai kai rufi ba. Babba ne, ba na son mu samu saɓani. Yaya zan yi da waɗannan biyun?

Malamar Turanci, Kubwa, Abuja:

Manyan ki ware su su kaɗai, kada ki haɗa su da ƙanana ko da matakinsu ɗaya. Rukunonin kuma kada ki sa musu lamba, yara sun san ma'anar na ɗaya da na biyar. Ki ba su sunan launi ko na 'ya'yan itace. Su manyan kada ki ba su littafin aji ɗaya mai hoton ƙwallo da kyanwa, shi ne abin da ke ƙona musu rai. Ki rubuto musu kalmomin da suke gani a hanya, irin rubutun bayan keke da allunan shaguna da sunayen unguwanni, Dilimi, Rikkos, Bukuru, su fara haɗa baƙi da su. Ki riƙa sake gwada su bayan mako biyu-biyu, wanda ya iya ya haura nan take ba sai ƙarshen zango ba.

Tsohon Hedimasta, Bukuru:

Maƙwabcin naki ki je ki same shi da kanki 'yata, a ajinsa bayan an tashi, ba a ofis ba kuma ba gaban sauran malamai ba. Ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri, ki roƙe shi ya nuna miki jadawalinsa. Lokacin da yaransa ke karatun baki ɗaya ko suka fita motsa jiki, nan ki sa hirar taki. In rana ta ɗaga sanyi ya sake su, rukuni biyu ki fitar da su waje jikin bango ta gefen da babu aji, manyan nan su ɗauki benci biyu su kai.